Yadda ake samun tikitin wasan kwaikwayo na kyauta a Central Park

Tambaya: Malam, zan kai wa yayana ziyara a unguwar Bronx ta birnin New York cikin bazara, kuma na ji ana yin wasan kwaikwayo kyauta a fili a lambun shaƙatawa na Central Park. Tunda ba a biya, zuwa kawai zan yi in zauna, ko sai da tikiti?

Amsa: Malama, sai da tikiti. Wasan da kike nufi shi ne Shakespeare in the Park, wanda gidan wasan kwaikwayo na Public Theater ke shiryawa a dandalin Delacorte na cikin lambun, da aka buɗe a 1962. Joseph Papp, wanda ya assasa wasan, ya tsaya kai da fata a kan kada a karɓi ko sisi daga ɗan kallo, amma kujerun kusan 1,800 ne kawai, masu nema kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce bin layi a bakin dandalin ranar wasan. Da ƙarfe 12 na rana ake raba tikitin, biyu ga kowane mutum, sai dai wanda ya iso a lokacin yakan tarar an riga shi, domin tun ƙarfe 6 na safe da ake buɗe lambun mutane ke shimfiɗa barguna a gefen hanya, da abin karyawa da ruwan sha. Idan akwai fitaccen ɗan wasa a cikin shirin, sammakon ya zama dole. Ki yi rajistar sunanki kyauta da Public Theater tun kafin ranar, kuma kada ki bar layin da nufin yayanki ya riƙe miki wuri, don ma'aikatan ba sa lamuntar haka. Masu shekara 65 zuwa sama da masu buƙata ta musamman suna da nasu layin.

Akwai kuma ƙuri'a ta manhajar TodayTix, wadda ya kamata ki shiga ko da kina kan layi, amma kada ki dogara da ita kaɗai idan kwanakinki a New York ƙalilan ne. A wasu ranaku ana kai rabon tikiti unguwanni, har da Bronx, don haka ki duba jadawalin. Idan duka suka kuɓuce miki, ki koma bakin dandalin da yamma, inda ake raba tikitin waɗanda ba su zo ba dab da fara wasa da ƙarfe 8 na dare.

Dandalin ba shi da rufi, kuma ba a yarda a buɗe lema lokacin wasa, saboda haka rigar ruwa za ki riƙe.