Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗari ya ƙarato, ya zan ɗumama gida kuran bai cinye mu ba?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni uwar gida ce a unguwar Zariya nan Maraɗi, yarana biyar ga kuma uwar mijina da ke zaune tare da mu. Bara da ɗari muka sayi hita ta ɗaki saboda Inna ba ta jure sanyi, ga ta ruwa da muke tsomawa a bokiti kullum da asuba kafin yara su tafi lakwal, wlh faktir ɗin da ya zo a Janairu sai da maigida ya dafe kai. Yanzu ga iska ta fara juyawa, me zan shirya tun yanzu? Maƙwabciyata ta ce in koma kaskon gawayi kawai in huta.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa kula da ita.

Ɗauko hitar ɗakin nan ki juya bayanta, za ki ga an rubuta ƙarfinta, yawancinsu wat 1500 ne ko 2000. In 2000 ce kuma kuka bar ta kunne awa 8 na dare, kilowat-awa 16 kenan a kwana guda, a wata 480. Ƙwan fitila na LED mai wat 10 sai ya yi awa 1600 yana ci kafin ya sha abin da ita ta sha a dare ɗaya. Ta ruwan kuwa ba ita ce babbar mai laifi ba, lita 20 in za a ɗumama shi daidai wanka bai cika kilowat-awa ɗaya ba, sai dai in an tsoma ta an tafi shara an manta har ruwan ya tafasa a dawo ana surkawa da na sanyi, to nan asarar take.

Ni abin da nake gaya wa mutane kullum, sanyinmu na Disamba da Janairu ba irin na Faransa ba ne da suke da tukunyar ɗumama gida mai tura ruwan zafi cikin bututu zuwa kowane ɗaki, har doka ta ce a kira mai gyara ya duba ta duk shekara. Mu nan da rana har zufa ake yi, daga tsakar dare zuwa hantsi ne kawai ake jin jiki, kuma rabin wahalar iska ce ke kawo ta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ki zagaya ɗakin Inna da yamma ki ɗora bayan hannunki a gefen taga da ƙarƙashin ƙofa na wannan ɓangaren, duk inda kika ji tana shigowa ki toshe, tsumma a naɗe shi a kwantar a bakin ƙofa, kwali ko leda mai kauri a tagar da gilashinta ya fashe, labule mai nauyi a sama. In rufin kwano ne babu filafon, duk zafin da hita ta yi sama yake tafiya ya fice, kwano ba ya riƙe komai, shi yasa tsofaffinmu da ke kwana a soron laka ba su san wannan kashe kuɗin ba. In akwai ɗaki mai filafon ko na laka a gidan, a mayar da Inna can na wata uku.

Sannan ki ɗumama Inna kanta, ba bangon ɗakin ba. Kar ta kwana kan tabarma a siminti, a sa katifa ko a shimfiɗa darduma a ƙasa, bargo biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, safa, hula, a shafa mata man kaɗe a ƙafa. Ki zuba ruwan ɗumi a gora mai murfi ki naɗe da zane ki ajiye mata wajen ƙafafu, amma kar ya zama tafasasshe, fatar tsoho ba ta jin ƙuna da wuri balle in tana da ciwon suga. Hitar a kunna ta minti 30 kafin ta kwanta a kashe, a sake kunnawa da asuba lokacin alwala. Kafin nan a kakkaɓe mata ƙurar da ta sha tun bara, a duba wayarta ko ɓera ya ci, kuma a jona ta kai tsaye a bango, kar a haɗa ta da ƙananan wayoyin jone-jonen nan na kasuwa, su ke narkewa su tada gobara.

Ruwan wankan yara kuwa, rana kyauta take ba mu. Bido baƙi a cika shi a ajiye a tsakar gida tun hantsi, kafin la'asar ya yi ɗumi, su yi wanka da yamma, da safe wanke fuska da ƙafa ya isa.

Maganar kasko kuma, dan girman Allah Hajiya kar ki kai shi ɗakin da kika toshe. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, ko da garwashin ya yi jajir babu hayaƙi ko kaɗan tana nan tana fita, mutum ya fara ciwon kai da jiri da kasala ya ɗauka barci ne, ba ya iya tashi ya buɗe ƙofa. Tsofaffi da jarirai su take fara kayarwa. In za ku ji ɗumin wuta ku zauna a rumfa ko tsakar gida ku yi hirarku, lokacin kwanciya a kashe shi a waje. Haka ma murhun gas, kar a kunna shi don ɗumama ɗaki. In kuwa wani ya tashi da ciwon kai da amai a ɗakin da aka kwana da garwashi, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ƙofa da taga, a wuce asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi.