Ƙaramar tashar Kano a kan falanki: ma'auni, tsakuwa da dalar gyaɗa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, an rubuta HO a jikin kwalinsa. Ina so in gina masa fili a kan falanki, ya fito kamar tashar Kano a zamanin dalar gyaɗa. Na zuba yashi da gam a gefen layin, sai ya dunƙule, jirgin kuma ya fara tsayawa a hanya. Ta ina zan fara, kuma ina na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar yashi, sai mun warware maganar ma'auni, domin a kansa komai zai hau.

HO na nufin an rage komai sau 87. Mita ɗaya ta gaske takan dawo milimita 11.5, mutum mai matsakaicin tsayi kuma bai wuce milimita 20 ba. Faɗin layin HO milimita 16.5 ne, yana kwaikwayon layi mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. To, layin da ya iso Kano a 1911 ba shi ba ne. Faɗinsa milimita 1,067 ne, in ka raba da 87 za ka samu 12 da ɗoriya. Wato layin da ke hannunka ya yi wa tsohuwar tashar Kano faɗi.

Mai son daidaito yakan sayi layi mai faɗin milimita 12 da ake kira H0m, irin wanda kamfanonin Peco da Bemo ke yi, amma jirginka ba zai hau shi ba. Akwai kuma dabarar da masu wannan sana'a ke yi a ƙasar New Zealand, inda layinsu ma 1,067 ne: sukan riƙe layin HO, su gina taragai da gidaje da ragin sau 64, lissafin sai ya faɗa daidai. Sai dai wannan na nufin ƙera kusan komai da hannu. Tunda yanzu ka fara, shawarata ka zauna a kan 87. Ba kowa ne zai lura da milimita huɗu ba. Abin da ido ke kamawa nan take shi ne ɗan dako da ya fi ƙofar tarago tsayi.

Sai yashin naka, wanda ka zuba a matsayin tsakuwar gefen layi. Ya dunƙule ne saboda ka zuba gam mai kauri a kan busasshen yashi. Gam ɗin ba ya shiga ciki, sai ya mirgina yana kwashe yashi kamar curin fura. Tsayawar jirgin kuwa, lantarki ta kan ƙarfen layin yake bi ya shiga ƙafafun, duk inda gam ya bushe a saman ƙarfen an yanke masa hanya. Akwai kuma yiwuwar yashin yana da ɓurɓushin ƙarfe, maganaɗisun da ke cikin injin ya zuƙe shi.

Ka tankaɗe yashin da rariya har ya zama ƙwayarsa ba ta wuce rabin milimita zuwa milimita ɗaya ba, ka wanke shi, ka shanya ya bushe ƙarau. Ka sa maganaɗisu a cikin leda ka yi ta yawo da shi a cikin yashin har ya daina fitowa da baƙin gari. Sannan ka zuba shi a bushe, ka daidaita da buroshi mai laushi, kada ko ƙwaya ɗaya ta rage a jikin ƙarfe ta ciki, inda leɓen ƙafar jirgi ke bi. Ka fesa ruwa mai ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke daga nesa, ya sauka kamar raɓa. Sabulun ne ke sa ruwan ya nutse. Bayan ya jiƙe, ka haɗa farin gam na kafintoci kashi ɗaya da ruwa kashi biyu, ka ɗiga da sirinji marar allura har ka ga fari ya taso tsakanin ƙwayoyin. Kada ka taɓa sai bayan awa 24. Wurin canjin layi kuma gam kada ya kusance shi, in ba haka ba ya ƙame ke nan.

Dalar gyaɗa ita ce za ta ci maka lokaci. Buhun algarara cike da gyaɗa, a wannan ma'aunin, kamar milimita 10 ne a tsawo, 6 a faɗi, kauri 3 zuwa 4. Dala mai gindin santimita 12 da tsayin santimita 9 za ta ci sahu kusan 26, buhunan da ke waje kawai sun haura 600. Kada ka ce za ka murza su ɗaya bayan ɗaya. Ka yanka siffar dalar daga farin kumfan nan da ke zuwa a kwalin firji. Ka murza yumɓu mai bushewa a iska ya yi tsawo kamar taliya, ka ɗan danne shi, ka tsaga da bayan wuƙa duk bayan milimita 10 ba tare da ka raba ba, sai ka liƙa sahu-sahu daga ƙasa. Tsagar sahun sama ta faɗa a tsakiyar buhun ƙasa, kamar jerin bulo. Buhu ashirin ko talatin kawai za ka yi daban, na zubarwa a gindin dala da na kan 'yan dako. Dala ta biyu, ka lulluɓe ta da takardar goge hannu da aka jiƙa da ruwan gam, ta zama tampol, ka huta. Fentin feshi yana narkar da kumfa, saboda haka fentin ruwa marar ƙyalli za ka yi amfani da shi.

Ginin ƙasa ya fi sauƙi. Kwali mai kauri, a shafa masa gam ciki da waje don kada ya lanƙwashe, sannan a yaɓa garin jar ƙasa da aka tankaɗe aka kwaɓa da ruwan gam. Ka goge kusurwoyin su yi laushi, domin katangar ƙasa ba ta da kaifin bulo, ka ɗora zanko a saman soro, ka yi indararo da guntun tsinke. Rufin kwano na sito kuwa, ka shimfiɗa takardar alminiyon ta girki a kan roba mai laushi, ka mirgina ƙusa mai zare ta milimita 6 a kai. Tazarar zarenta milimita ɗaya ce, kusan daidai da tudun kwano in an rage shi sau 87.

Game da layin da ya riga ya ɓaci, farin gam yana saki da ruwan ɗumi. Ka jiƙa wurin na minti goma, ka kankare da katako, ba da wuƙa ko takardar yashi ba, domin kurjin da suke bari a kan ƙarfe shi ke tara datti. Ka goge saman layin da ƙafafun jirgin da tsumma mai sifirit. Idan hunturu ya shigo, ka riƙa rufe falankin da leda, don ƙurar kwana biyu ta isa ta sake tsayar maka da jirgi.