Kafin ki ɗaukaka ƙarar ƙaninki, ga abin da muka gani

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya kawo mafita. Kin ce Babbar Kotun jiha ta yanke wa ƙaninki hukuncin kisa kan fashi da makami da mallakar bindiga, kina tambaya ko ɗaukaka ƙara za ta sa a rage masa. Ni ba lauya ba ne, amma shekara huɗu na yi ina safa da marwa kan shari'ar ɗan yayana, irin wannan sak.

Ki fara ƙirga kwana tun yau. Kwana 90 ne daga ranar hukunci a shigar da takarda a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Mu wata biyu muka zubar muna jiran wani da ya ce ya san manya, kuɗinmu kawai ya ci. In lokaci ya wuce, sai an roƙi kotu ƙari, da dalili mai ƙarfi.

Batun ragi kuwa, kada a yaudare ki. Dokar fashi da makami ta 1984 ta ce fashi ba makami shekara 21 ne aƙalla, in da makami ko an ji wa wani rauni, kisa ne, hannun alƙali a ɗaure yake. Don haka "yana da iyali" ba ya tasiri a nan. Abin da lauya zai rusa shi ne kama shi da laifin: an yi fashin, da makami aka yi, kuma yana cikin waɗanda suka yi? Ɗaya ta faɗi, hukuncin ya girgiza.

Abin da ban sani ba sai da na shiga: alƙalai uku da ke sauraron ƙarar a Kotun Ɗaukaka Ƙara ba sa sake kiran shaidu, kundin shari'ar suke karantawa. Ina tuna lauyanmu da jan biro, yana bin shafi ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a inda wanda aka yi wa fashin ya ce dare ne, babu wuta, bai taɓa ganin yaron ba, kuma 'yan sanda ba su jera shi cikin mutane don a nuna shi ba. Takardar amsa laifin ma da Turanci aka rubuta, shi kuwa ba ya ji, tafintan bai zo kotu ba. Da wannan aka soke hukuncin fashin. Na bindigar ya tsaya, shekara goma, ya kuma yi su.

In babu kuɗin lauya, ki je Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, kyauta suke yi, sai dai ki riƙa bibiya, aiki ya yi musu yawa. In aka faɗi, akwai Kotun Ƙoli cikin kwana 30, bayanta sai neman afuwar gwamna.

Gobe ki nemi kwafin hukuncin daga magatakardan kotun, ki duba kwanan watan da ke jiki.