Mu ke shiga ƙauyuka, wasu ke riƙe da kuɗin: ina batun miƙa ragamar agaji ya kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiyar agaji a Maiduguri. Duk taron da muka je sai a ce za a miƙa ragamar aikin jinƙai ga ƙungiyoyin gida, amma har yau mu ake turawa ƙauyuka rabon kaya, ba mai tambayarmu yadda za a tsara aikin. Daga ina maganar ta samo asali, kuma da gaske ake yi? Daga wata mai karatu a Maiduguri.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar tana da asali, har da alkawari a rubuce. A watan Mayun 2016 aka yi babban taron duniya kan ayyukan jinƙai a Istanbul ta ƙasar Turkiyya. A nan manyan ƙasashe masu bayar da tallafi da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla yarjejeniyar da ake kira Grand Bargain, suka ce zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa isa hannun ƙungiyoyin gida ba tare da ya bi ta hannaye da yawa ba. Shekarar ta zo ta wuce. A 2022, abin da ya isa gare su kai tsaye bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Hukumar USAID, wadda ke ba da tallafin Amurka ga ƙasashen waje, ita ma ta ɗauki irin wannan alkawari a 2021, ba ta kai ko rabinsa ba aka rufe ta a 2025.

Masu kuɗin suna da hujjarsu. Sukan ce ba su da ma'aikatan da za su bi diddigin ƙananan kwangiloli ɗari, ya fi musu sauƙi su danƙa wa babbar ƙungiya ɗaya ita ta rarraba. Ga kuma dokokin hana kuɗi faɗawa hannun 'yan ta'adda, waɗanda a Borno ba wasa ba ne. Hujjar ba ƙarya ba ce, sai dai ta zama tarko. Ana ce muku ba ku da akanta ƙwararre ko tsarin binciken kuɗi, alhali kuɗin da ake ɗaukar akanta da shi, wato kason gudanar da ofis, shi ne ba a ba ku. Babbar ƙungiya takan cire kusan kashi 7 cikin 100 don hayar ofis da albashi da motoci, ku kuwa a ba ku kuɗin buhunan da za ku raba da na man mota, kwangilar wata shida. Tana ƙarewa, ma'aikacin da kuka horar sai ya koma wurin wanda ya ba ku kwangilar, don albashin can ya ninka naku. Daga baya a dawo a shirya muku bita a otal kan “ƙarfafa gwiwa”.

A ganina, ko kashi 25 ɗin ya cika, in dai a ofisoshin manyan hukumomi a Abuja ko Janiba ta ƙasar Switzerland ake yanke abin da mutanen Bama suke buƙata, ba a miƙa komai ba. Haɗarin dai an riga an miƙa shi: mafi yawan ma'aikatan agaji da ake kashewa a duniya 'yan ƙasar da ake aikin ne.

Ke kanki shaida ce a kan wa ke fara kai ɗauki. Lokacin da rikicin Boko Haram ya kwararo da jama'a Maiduguri, yawancinsu a gidajen 'yan uwa da na bayin Allah suka sauka, ba a sansani ba. Haka da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ambaliya ta mamaye Maiduguri, samarin unguwa suna cikin waɗanda suka fara tsamo mutane. A Sudan ma, tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, matasan unguwanni ne suka kafa ɗakunan agajin gaggawa suna dafa abinci a manyan tukwane a wuraren da manyan hukumomi suka kasa shiga. Tushen abin al'adarsu ce ta nafir, wadda ba ta da maraba da gayyarmu.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Ba duk mai sunan ƙungiyar gida ne na jama'a ba. Akwai wadda ofishinta jakar shugabanta ce, akwai ta ɗan siyasa da ke rubuta sunayen magoya bayansa a takardar rabo. Irin waɗannan su ke ba masu kuɗi bakin magana.

Shawarata, kafin ki sa hannu a kwangila ta gaba, ki nemi a rubuta kason gudanarwa a ciki. Ba roƙo ba ne, hukumar UNHCR ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ma ta amince da bai wa abokan aikinta na gida kashi 4 cikin 100 a matsayin kason gudanarwa. Ku nemi a zauna da ku tun ana rubuta takardar neman tallafi, ba sai kuɗi ya fito ba. Sannan ku gyara takardunku ku nemi shiga jerin waɗanda suka cancanci Asusun Jinƙai na Najeriya da OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jinƙai, ke kula da shi tun 2017, domin yana cikin ƙofofi ƙalilan da ƙungiyar gida ke karɓar kuɗi da sunanta. Sai dai ki sani, tantancewar tana da tsauri.