Takardun kaka a cikin gafaka: a sayar ko a ajiye?

Tambaya: Wani mai karatu daga Jega a jihar Kebbi ya rubuto cewa bayan rasuwar mahaifinsu sun buɗe akwatin kakansu, suka tarar da gafaka uku cike da takardun Larabci da na ajami, da wasiƙu masu hatimi, da 'yan tsofaffin jaridu. Wani dillali ya zo ya taya wasiƙun kaɗai. Yana so ya san yadda ake gane mai daraja, kuma ko ya dace su sayar.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan magabata. Abu na farko, kada ku zare ko warƙa ɗaya daga inda kuka same ta, domin littattafan ƙasar nan ba a ɗinke su, warƙoƙi ne ake jerawa cikin tadarishi, wato bangon littafi, a ɗaure da igiyar fata, kuma idan suka cuɗe sai ƙwararre ya sha wahala kafin ya mayar da su. Idan ka duba ƙasan shafi za ka ga kalma ɗaya a rubuce ita kaɗai. Ita ce kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita, kuma da ita ake bin jerin.

Daga nan ka ɗaga takarda ɗaya ka haska ta da rana. Idan ka ga jinjirin wata guda uku a jere a jikinta, to irin takardar nan ce ta Italiya wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ta Tarabulus, suna ratsa Sahara, a ƙarni na 19. Wannan alama tana nuna tsufa, amma ba ta yanke hukunci, saboda an ci gaba da amfani da irinta bayan zuwan Turawa a 1903. Abin da ya fi ƙarfi shi ne shafin ƙarshe, inda mai kwafa yakan rubuta sunansa da na wanda ya yi wa aikin, wani lokaci har da shekara. Sau da yawa ba da lamba ake rubuta shekarar ba, da haruffa ne na ramzi: a lissafin Magariba, wato na Arewacin Afirka, harafin shinun yana tsaye a matsayin 1000, ra kuma 200, don haka ramzin da ya haɗa su yana nuni da shekarun 1200 na Hijira, wato daga 1785 zuwa 1882.

A nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Ganin sunan Malam Abdullahi na Gwandu a kan littafi ba ya nufin shi ya rubuta wannan kwafin da hannunsa. Ɗalibai sun kwafi littattafansa, da na Sarkin Musulmi Bello da waƙoƙin Nana Asma'u, ba iyaka, har kwanan nan. Akwai kuma bugun kasuwa na Kano da Zariya wanda aka ɗauki hoton rubutun hannu aka buga. In ka shafa shi za ka ji shi sumul, ba kamar tawadar bagaruwa da ƙaro ba, wadda takan yi duhu a wani wuri ta dushe a wani, gwargwadon tsoma alƙalami.

Dillalin nan ya san abin da yake yi da ya zaɓi wasiƙu. Littafi yana da 'yan'uwa a gidaje da yawa, amma wasiƙar da ta fito daga fadar Gwandu ko ta Argungu zuwa ga wani alƙali ko hakimi guda ɗaya ce tak a duniya. A ganina, raba ta da sauran takardun gidan hasara ce babba, domin su ne suke shaida wanda aka aika wa ita da dalilin aikawar. Sannan akwai doka: dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta sa rubuce-rubucen gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana sayar da su ga wanda ba shi da izinin hukuma, ta kuma hana fitar da su waje sai da takardar izini. Kada a manta kuma dukiyar gado ce, ba ta mutum ɗaya ba.

Jaridun ba su kai wasiƙun ba, sai dai idan akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shekarun farko, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ka ware ta a shimfiɗe.

Wajen ajiya, ka guji leda, domin tana riƙe gumi a lokacin damina, ka guji salatif da gam, kuma kada wani ya ruɗe ku da liƙa musu roba a shagon kwamfuta, saboda zafin injin da gam ɗin suna lalata takarda kuma ba a iya cirewa. A naɗe kowane tadarishi da farin ƙyalle na auduga, a ɗora akwatin a kan benci nesa da bango saboda gara, a riƙa dubawa lokaci lokaci. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya bisa jerinsa, gaba da baya, ba tare da walƙiyar kyamara ba. Hotunan nan za ka kai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Gidan Arewa a Kaduna, su karanta maka hatimin da ramzin, asalin takardun kuwa su zauna a gida har magada su zauna su yanke shawara.