Tambayoyinku: An tura maigidana aikin bishara Nijar, in bi shi ko in zauna?

Salama gare ku masu karatu. Saƙonnin wannan karon yawanci kan zaman iyali a filin bishara ne a ƙasar waje, toh na zaɓi huɗu. Kamar kullum na cire sunaye, wasu kuma na rage musu tsawo.

TAMBAYA: Mama ina wuni, ya iyali. Dan Allah ki taimake ni da shawara. Maigidana mai bishara ne, hukumar mishan ta ikilisiyarmu ta tura shi wani ƙauye a jihar Maraɗi a Nijar, an ce mu tashi bayan Kirsimeti. Ni malamar firamare ce, yaranmu uku, babban yana aji 5, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba. Shi sai murna yake wai Ubangiji ya amsa addu'arsa, ni kuwa tun ranar ban yi barcin kirki ba, in na buɗe baki sai a ce ina tare hanyar kiran Allah. Mama tsakani da Allah yaya zaman can yake? (Matar mai bishara, Kafanchan)

AMSA: 'Yata sannu, ki kwantar da hankalinki. Tambaya ba rashin bangaskiya ba ce, Ubangiji Yesu da kansa a Luka 14:28 ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi tukuna. Duk dattijon da ya ce kina tare hanyar kira ki gaishe shi da ladabi ki tambaye shi ko shi zai riƙe miki yaran in zazzaɓi ya kama su da tsakar dare.

Mun yi zama a wancan yankin ni da maigidana Baba Fasto, don haka abin da zan faɗa miki ba ji na yi ba. Mutane a gida in an ce mishan abin da suke gani a ransu shi ne mutum tsaye da Littafi Mai Tsarki jama'a sun kewaye shi, alhali yawancin ranakun ɗiban ruwa ne, da neman hatsi, da wanki, da jiran rana ta yi sanyi a samu a fita. A Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ɗaki ba ya kwantuwa sai dai ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Lahadinki ta farko kuma kar ki sa ran kwaya da ganga da zumuntar mata cikin anko. Wataƙila rumfar zana ce da benci biyu, ku biyar ɗin nan na gida da wani tsoho da jikarsa, ke ce mai ba da waƙa, ke ce malamar makarantar Lahadi, ke ce mai zagayawa da kwanon baiko wanda kuɗin da ke ciki daga jakarki suka fito. Kirista a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, duk da cewa ƙungiyar mishan ta SIM ta fara aiki a Damagaram tun 1924, kinga kenan wanda ya je da zumuɗin cika coci cikin shekara ɗaya zai dawo da hawan jini.

Amma ga abin da ba a cika faɗa wa maza ba, a irin waɗannan ƙauyukan ƙofar mace ce ke fara buɗewa. Mijinki iyakarsa zaure da dandali, cikin gida ba ya shiguwa gare shi, ke kuwa da sallama kin shige. Suna, biki, barka, gaisuwar mutuwa, duk ke ce. Ki ɗaura zane ki yafa gyale, ki gaida tsofaffi da durƙuso, in an miƙo fura ki sha. Za su yi dariyar Hausarki ta Kafanchan na wata biyu, ki taya su dariyar, daga baya su ne za su riƙa aiko miki da zogale da kuka. Wata maƙwabciyata Musulma ita ta kwana zaune da ni ranar da ɗana ya yi ta suma da zazzaɓi Baba Fasto yana wani gari, ta aika ɗanta ya taso mai amalanke cikin dare, har yau in na tuna ta sai na yi mata addu'a.

Yanzu maganar kuɗi, nan ne nake so ki buɗe kunne. Can sefa ake kashewa, sefa kuma ɗaure take da yuro, ba ta hawa da sauka irin na naira. In albashinku da naira ake biya, duk ranar da naira ta faɗi tukunyarki ta ragu ko da ba wanda ya taɓa albashin. Kin dai ga abin da ya faru daga tsakiyar 2023, dalar Amurka da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, masu zama can da ke karɓar naira sun ji jiki ba kaɗan ba. Ga kuma lissafin kasuwa, da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, in mai tumatir ta ce dala ashirin sefa 100 take nufi, ki koya tun kafin ki je. Sannan tallafin ikilisiyoyi yakan makara, ranar rakiya kowa zai yi alkawari da hawaye, bayan wata shida wayar wasu ba ta shiga. Ba mugunta ba ce, su ma rayuwa ce ta sha kansu, amma yaro ba ya cin alkawari.

Saboda haka kafin ki ɗaure kaya, ku je ofishin hukumar ku biyu, ba shi kaɗai ba, ku tambaya a rubuce: nawa ne, da wane kuɗi za a biya, ta wace hanya zai iso, wa zai biya asibiti, yaushe ne hutu, kuma in an rufe boda yaya za a yi da ku. Wannan ta ƙarshen ba tatsuniya ba ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, sai a Maris 2024 ta buɗe nata ɓangaren iyakar, iyalai da yawa sun maƙale, kuɗi ba ya shiga su kuma ba su iya fita. Tun Janairu 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, don haka kar ku dogara da cewa ai ƙasa ɗaya ce, daga Jibiya a bi Ɗan Isa sai Maraɗi. Ku yi fasfo kowa da nasa har jaririyar, da katin rigakafi, ku kuma tambayi shugabannin ikilisiyar can irin su EERN wace takardar zama ake nema a yanzu, su suka san ofis da Faransancin da ake yi a ciki.

Lafiya: a yi wa yaran rigakafin sanƙarau kafin bazara, gidan sauro kowa da nasa domin Agusta da Satumba zazzaɓi ba ya wasa. Akwai asibitin mishan a Danja kusa da Maraɗi, akwai babban na Galmi da aka buɗe a 1950, amma shi yana jihar Tawa tsakanin Ƙonni da Madawa, ba wajen da za ki ruga da dare ba ne. Ki san asibitin da ya fi kusa da ƙauyenku tun makon farko.

Tsaro ba zan ɓoye miki ba. A Janairu 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai kan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, abin da Kiristan Nijar ba su da hannu a ciki, kuma a ranakun nan ne wasu Musulmi suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Tilaberi da Difa suna fama da masu ɗauke da makamai, ƙauyukan bakin iyaka wajen Madarunfa da Gidan Rumji kuma 'yan bindiga na satar mutane da shanu kamar yadda ake yi a Katsina da Zamfara. Ki tambayi sunan ƙauyen da kyau, jihar Maraɗi faɗi gare ta, wani wuri lafiya lau wani wuri ba a kwana da ido biyu rufe.

Shawarata, kar ki ajiye aikinki yanzu, ki nemi hutu ba albashi in zai yiwu. Shi ya fara yin gaba ya gyara wurin zama, ki kai ziyara ki gani da idonki, gani ya kori ji. In kin gani zuciyarki ta kwanta, ki bi shi, ni ban taɓa nadamar zuwa ba. In ba ta kwanta ba ki faɗa masa ba kunya, shi kuma Malam in kana karantawa, matar da aka ja da ƙarfi zuwa fili ba ta daɗewa, kai ma ba za ka daɗe ba.

TAMBAYA: Mama Fasto, ɗana da matarsa suna aikin bishara a Nijar, jikana ya isa shiga sakandare. Ni na ce a kawo min shi Jos ya yi karatu a hannuna, uwar ta ƙi wai ba ta rabuwa da ɗanta. Wa ke da gaskiya? (Kaka, Bukuru)

AMSA: Yaya, ku duka kuna da ita, shi ya sa abin ke da wuya. Makarantar gwamnati a can da Faransanci ake koyarwa, jarabawarsu BEPC da Bak, ba WAEC da JAMB ba. Ko da yake a 2025 gwamnatin soja ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, yaron da ya je lakwal, wato makarantar boko ta can, dai Faransanci zai tarar a allo. In jikanki tun farko a tsarin can ya taso kuma yana ganewa, cire shi yanzu a jefa shi JSS 1 zai iya mai da shi baya, kuma Faransancin nan arziki ne a hannunsa nan gaba. In kuwa uwarsa ce ke koya masa da Turanci a gida, toh lokaci ya yi da za a yanke shawara, domin sakandare ba ta koyuwa a kan tabarma. Makarantu irin su Sahel Academy a Yamai ko Hillcrest a nan Jos akwai su, amma kuɗinsu ba na ƙaramin mai bishara ba ne sai in da mai ɗaukar nauyi.

Abu ɗaya zan roƙe ki, a tambayi yaron. Na ga 'ya'yan masu bishara da suka girma suna jin haushin coci saboda an tura su hannun dangi suna shekara bakwai ba wanda ya ce musu uffan. In an kawo shi, kowane dogon hutu ya koma wajen iyayensa, kuma kar ki riƙa ce masa uwarka ta zaɓi mishan ta bar ka, ko da wasa.

TAMBAYA: Ni dai a ganina 'yan mishan kuɗi suke samu daga Turawa, ina so in shiga. Ta ina ake farawa? (Wani matashi, Gombe)

AMSA: Ɗana ka makara da wajen shekara hamsin. Yawancin masu bisharar da ke fita daga Najeriya baikon talakawa ne ke riƙe da su, EMS, ƙungiyar bishara ta ikilisiyar ECWA, tun 1948 aka kafa ta don 'yan ƙasa su aiki 'yan ƙasa. In kuɗi kake nema ka koyi gyaran sola. In kuma kira ne, ka je wajen fastonka, ka yi makarantar Littafi Mai Tsarki, kuma duk da haka ka koyi gyaran solar, Manzo Bulus ma da ɗinkin tanti ya ci abinci a gidan Akila da Bilkisu.

TAMBAYA: Hajiya, ko in ce Mama, ni Musulmi ne amma ina karanta shafinki. Gaskiya abin da ke damun mu da 'yan mishan shi ne suna zuwa wa talaka da magani da hatsi lokacin yunwa don su saye shi. Me za ki ce? (Malamin makaranta, Katsina)

AMSA: Malam na gode da ka faɗa a fili, ya fi a faɗa a bayan ido. Ba zan ce ba a taɓa yi ba, akwai masu yi, kuma ni ina ganin kuskure ne babba. Wanda ya bi ka don tiyar hatsi ranar da wani ya zo da buhu zai bi shi, kuma ka ci mutuncin mai jin yunwa. Abin da muke faɗa wa matasan da ke fita shi ne in za ka raba, ka kai wa maigari da liman a raba gaban kowa, kar ka tambayi addinin kowa, kar ka haɗa rabon da wa'azi. Marasa lafiyar da ke cika layi a Galmi yawancinsu Musulmi ne, su sha magani su koma gida da addininsu. Haka sassaben zamani da wani ɗan mishan daga Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa da manoman Maraɗi a 1983, wato a bar kututturen itace ya tofo a gona a riƙa yi masa aski maimakon a tumɓuke, yau miliyoyin itatuwa ne suka dawo a gonakin Maraɗi da Damagaram, kuma gonakin na Musulmi ne.

Amma kar in yaudare ka, mai bishara ya je ne don ya faɗi abin da ya gaskata game da Yesu Almasihu, kamar yadda masu da'awa ke shiga ƙauyukan Maguzawa su faɗi nasu. Wanda ya ɓoye wannan ya ce shi rijiya kawai ya zo haƙawa, shi ne ya kamata ka yi shakkarsa. In akwai wani rabo da ka gani da idonka aka sa sharaɗin addini, ka sake rubuto min da bayanin yadda aka yi ba tare da sunan kowa ba, zan buga shi a nan.