Amsa: Mace za ta iya haihuwa a sararin samaniya?

'Yar'uwa, kin tambaya ko mace za ta iya haihuwa a can sama. Har yau ba a taɓa haifar ɗan Adam a can ba, kuma NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tana yi wa mata 'yan sama jannati gwajin ciki kafin su tashi.

Ni aikin ungozoma nake yi a nan Gusau, shi ya sa maganar jini ta fi tsaya mini a rai. A tashar ISS, inda 'yan sama jannati ke zama a sararin samaniya, kimanin kilomita 400 daga ƙasa, jiki ba ya jin nauyi, sai jini da ruwan jiki su taru wajen ƙirji da kai, fuska ta kumbura. Ƙashi kuma yana zaizayewa kusan kashi 1 cikin 100 kowane wata, ga ɗan tayi yana jan sinadarin ƙashi daga jikin uwa. In jini ya ɓalle bayan haihuwa fa? A ƙasa ma mun san yadda yake ɗauke mata, balle inda zai riƙa shawagi a iska, babu asibiti kusa. Ga haskoki masu lahani da ke ratsa jirgin.

Amma zuwa can ba ya hana haihuwa daga baya. Valentina Tereshkova, mace ta farko da ta je sararin samaniya, ta je a 1963, ta haifi 'ya mace a 1964.